Kunna VM da kashe ta daga allon Home Assistant

Tambayar da aka yi ita ce: "Ina da saba guda a gida mai ɗauke da Proxmox (tsarin da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo), da VM uku, wato kwamfutocin kwaikwayon, a cikinta. Ɗaya ta Home Assistant ce (manhajar sarrafa na'urorin gida), ɗaya Windows da nake aiki da ita jifa-jifa, ɗaya kuma ta ajiyar fayiloli. Ina so in sa makunni a allon Home Assistant in riƙa kunna su ina kashewa daga waya, kamar yadda nake yi wa fitilu. Na gwada Wake on LAN (tayar da kwamfuta ta netwok) bai yi ba. Wace hanya ce ta fi?"

Malam, abin da kake so yana yiwuwa, kuma aikin yamma ɗaya ne idan ka riga ka saba taɓa fayil ɗin saitin Home Assistant, configuration.yaml. Sai dai wannan magana taka ta "kamar fitilu" ita nake so mu tsaya a kanta, domin yawancin matsalolin da na gani a wannan aiki daga nan suke tasowa. Fitila hali biyu gare ta, kuma kafin ka ɗauke yatsa ta sauya. VM kuwa cikakkiyar kwamfuta ce da ke zaune a cikin wata kwamfutar. Tana iya kasancewa a kunne, ko a kashe, ko an dakatar da ita, ko tana tsakiyar rufe fayilolinta, ko an kulle ta ana ɗaukar kwafi. Tana iya jin umarninka ta ƙi bi. Don haka bayan hanyar aika umarni, kana bukatar hanyar sanin ainihin halin da take ciki, da kuma shingen da zai hana umarnin wuce gona da iri.

Wake on LAN bai yi maka aiki ba ne don ba domin wannan aka yi shi ba. Saƙon da yake aikawa ɗan mitsitsi ne, bayit 102: FF sau 6, sai adireshin MAC na katin netwok a maimaita shi sau 16. Katin netwok na gaske yana samun 'yar wuta ko kwamfuta tana kashe, yana kasa kunne yana jiran wannan saƙo. Ita VM da zarar ta mutu, shirin QEMU da ke riƙe da ita ya fita ɗungurungum, katin netwok ɗinta na kwaikwayo ya ɓace tare da shi. Kana ta sallama ne a gidan da babu kowa. Wanda ke farke shi ne mai masauki, wato Proxmox, kuma da shi za ka yi magana.

Proxmox VE, wanda wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya yake fitarwa tun 2008, an gina shi ne ta yadda duk abin da kake dannawa a shafinsa na ƙofa 8006 ta API yake bi, wato ƙofar da manhajoji ke aika masa umarni. Maɓallin Start da kake gani a burauza aikinsa kawai ya aika buƙatar POST zuwa wani adireshi mai ƙarewa da status/start. Abin da burauza ta iya, Home Assistant ma ya iya. Yana da haɗin Proxmox VE nasa na cikin gida, wanda ya daɗe yana nuna ko VM na kunne ko a kashe, akwai kuma wani a HACS, rumbun haɗe-haɗen da masu amfani da Home Assistant ke rubutawa, da ke ba da maɓallai. Idan wanda ke hannunka ya ba ka maɓallan, babu laifi ka yi amfani da su, duk abin da zan faɗa game da izini da bambancin kashewa ya shafe su. Ni dai na fi son in rubuta da hannuna ta rest_command, hanyar da Home Assistant ke aika buƙata zuwa wani adireshi, saboda ranar da abu ya lalace ina sanin layin da zan duba.

Akwai hanya ta uku da za ka ci karo da ita ko'ina: a sa Home Assistant ya shiga sabar ta SSH (hanyar buga umarni daga nesa) a matsayin root, mai cikakken iko, ya buga qm start 101, inda 101 ita ce lambar VM ɗin. Tana aiki, amma ba na ba da shawararta. Ka ɗauki makullin da ke buɗe komai, mai iya goge kowane faifai a sabar, ka ajiye shi a cikin manhajar da kake ɗora wa haɗe-haɗen mutane kala-kala, don kawai kana son kunna kwamfuta ɗaya. Ban da haka, shell_command, wanda Home Assistant ke buga irin wannan umarni da shi, yana yanke duk umarnin da ya wuce daƙiƙa 60, alhali qm shutdown tsayawa yake yi yana jiran VM ta gama mutuwa. In dole ce ta sa ka bi ta SSH, to ka ɗaure makullin da command= a cikin authorized_keys, ta yadda abu ɗaya tak zai iya gudanarwa.

To, mu fara da shinge kafin maɓalli. Tun sigar 6.2 da ta fito a 2020 Proxmox yake da makullan API. Ka ƙirƙiri mai amfani na musamman, ka yi masa matsayi mai izini biyu kacal, ka ba shi iko a kan VM ɗin da kake nufi ita kaɗai:

```
pveum role add KunnaKashe --privs "VM.Audit VM.PowerMgmt"
pveum user add gida@pve
pveum acl modify /vms/101 --users gida@pve --roles KunnaKashe
pveum user token add gida@pve allo --privsep 0
```

VM.Audit shi ne izinin duba halin da take ciki, VM.PowerMgmt kuma na kunnawa da kashewa. Lura da hanyar da na rubuta, /vms/101. Mutane da yawa suna sa / ko /vms don a huta, nan take makullin ya samu iko a kan kowace VM a sabar, har da wadda za ka ƙirƙira baɗi. Idan VM biyu kake so, ka maimaita layi na uku da lambar ta biyun. Layi na ƙarshe zai nuna maka sirrin makullin sau ɗaya, ba zai sake nunawa ba, ka kwafe shi a take.

Wannan privsep ɗin ya ci wa mutane lokaci ba kaɗan ba. Idan ka ƙirƙiri makulli ta shafin Proxmox, akwatin Privilege Separation yana zuwa a cike. Ma'anarsa makullin ba ya gadon izinin mai shi, sai an ba shi nasa daban, kuma abin da zai iya shi ne inda izinin biyun suka haɗu. Sai mutum ya ga ya ba mai amfani komai, amma amsa tana dawowa 403, ko jerin VM ya dawo fayau. Tunda wannan mai amfanin ba shi da wani iko sai waɗannan biyun, kashe privsep ba ya ƙara haɗari. Ka riƙe bambancin lambobin: 401 makullin ne bai yi daidai ba, 403 makullin ya yi amma ba shi da izini.

A secrets.yaml, fayil ɗin da Home Assistant ke ajiye sirrika, sai ka rubuta layi ɗaya, pve_makulli, ƙimarsa ta fara da PVEAPIToken=gida@pve!allo= sannan sirrin ya biyo, duka a cikin alamar zance. Umarnin kuwa ga su:

```
rest_command:
  vm101_kunna:
    url: "https://192.168.1.10:8006/api2/json/nodes/pve/qemu/101/status/start"
    method: post
    headers:
      Authorization: !secret pve_makulli
    verify_ssl: false
  vm101_kashe:
    url: "https://192.168.1.10:8006/api2/json/nodes/pve/qemu/101/status/shutdown"
    method: post
    headers:
      Authorization: !secret pve_makulli
    content_type: "application/x-www-form-urlencoded"
    payload: "timeout=150"
    verify_ssl: false
```

Inda na sa pve ka sa sunan sabarka yadda yake a gefen hagu na shafin. Idan kwantena ce ta LXC, kalmar qemu ta koma lxc. Shi verify_ssl: false na sa shi ne don Proxmox yana zuwa da satifiket ɗin da ya sa wa kansa hannu, wanda Home Assistant bai san shi ba. Kada ka ɗauka kyauta ce: saƙon yana tafiya a rufe, amma ba a tantance wanda ake miƙa wa makullin. A netwok na gida da ka amince da shi ana iya haƙuri da hakan, kuma wannan ma wani dalili ne na taƙaita ikon makullin. Idan kana da sunan yanki na intanet (domain), Proxmox yana iya karɓo satifiket daga Let's Encrypt, sai ka goge layin.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Ka ga na rubuta shutdown, ban rubuta stop ba. A Hausa duka biyun "kashewa" muke ce musu, a allon waya ma kamanninsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai tazara mai yawa. Shutdown roƙo ne. Proxmox yana gaya wa tsarin da ke cikin VM cewa ya tattara kayansa: ya rufe shirye-shirye, ya zuba abin da ke RAM a faifai, ya sauke faifan cikin tsari, sannan ya mutu da kansa. Stop kuwa fizge waya ce daga soket. QEMU ya tsaya a inda yake, duk abin da bai kai faifai ba ya tafi. Gaskiya ne ext4 da NTFS suna da kundin da ke taimaka musu su gyara tsarinsu bayan irin wannan, shi ya sa mutum zai yi stop sau ashirin bai ga komai ba, ya ɗauka lafiya lau. Kundin tsarin faifai yake karewa. Ba ya dawo da takardar da ba ka adana ba, ba ya ƙarasa kwafin da aka yanke a rabi, kuma ba ya ceton Windows ɗin da aka fizge wa wuta tana tsakiyar sabunta kanta. Reset ma ɗan gidan stop ne, reboot kuma ɗan gidan shutdown. Izinin VM.PowerMgmt bai raba su ba, wanda ya iya ɗaya ya iya duka, saboda haka kai ne za ka raba su a wajen gina maɓallai.

Tunda shutdown roƙo ne, dole ka tabbata ana jin sa. Hanya biyu yake bi. Ta farko ACPI, wato Proxmox ya kwaikwayi danna maɓallin wuta na jikin kwamfuta. Linux na zamani mai systemd yana amsa wannan ba gardama. Windows kuwa abin da aka saita mata a kan maɓallin wuta shi za ta yi. In an ce barci, barci za ta yi. In akwai shirin da ke riƙe da aikin da ba a adana ba, tana iya tsayawa tana jiran amsar mutumin da ba ya gabanta. Hanya ta biyu ita ce wakilin QEMU, ɗan shirin da ake sawa a cikin baƙuwar, wato VM ɗin, ya karɓi umarni kai tsaye daga mai masauki. A Debian da Ubuntu sunan kunshin qemu-guest-agent, a Windows yana cikin faifan direbobin virtio-win. Shi na fi yarda da shi.

Amma akwai tarko a nan, kuma shi ne abin da na fi gani idan an ce mini "na danna kashe ba ta mutu ba". Idan ka cika akwatin QEMU Guest Agent a Options na VM, Proxmox zai riƙa aika umarnin ta wajen wakilin. In ba ka sa wakilin a ciki ba, ko yana nan amma bai tashi ba, umarnin ya tafi inda babu mai karɓa, aikin ya yi ta jira har lokaci ya ƙare. Rabin saiti ya fi rashin saiti muni. Bayan ka cika akwatin, sai ka kashe VM ɗin gaba ɗaya ka sake kunna ta daga Proxmox, domin sake tayar da ita daga ciki ba ya ƙara mata na'urar da wakilin ke magana ta cikinta. Daga nan ka buga qm agent 101 ping a sabar. In ya dawo shiru babu ƙorafi, wakilin yana ji.

Akwai zaɓin forceStop da ake iya haɗawa da shutdown: a roƙe ta, in lokaci ya cika ba ta mutu ba a fizge. Ga VM ta gwaji babu damuwa. Ga ta ajiyar fayilolinka ban yarda ba. Idan ta ƙi mutuwa cikin minti biyu da rabi, akwai dalili, kuma na fi son a aiko mini sanarwa in je in duba da a yanke hukunci ba na nan.

Sai batun sanin hali, wanda shi ne rabin aikin da ake tsallakewa. Lokacin da ka aika shutdown, Proxmox yana amsawa nan take da lamba 200 da wani dogon rubutu mai farawa da UPID. Wannan rasit ne kawai na cewa an karɓi aikin. Bai ce an gama ba, bai ma ce za a yi nasara ba. Makunnin da ya dogara da wannan amsa ya juya zuwa "a kashe" yana faɗa maka abin da ka nema ne, ba abin da ya faru ba. Gani ya kori ji: ka sa sensa ta riƙa tambayar Proxmox.

```
rest:
  - resource: "https://192.168.1.10:8006/api2/json/nodes/pve/qemu/101/status/current"
    headers:
      Authorization: !secret pve_makulli
    verify_ssl: false
    scan_interval: 30
    sensor:
      - name: "Halin VM 101"
        value_template: "{{ value_json.data.qmpstatus | default(value_json.data.status) }}"
```

Na zaɓi qmpstatus da gangan. Filin status abu biyu ya sani, running da stopped, kuma VM ɗin da aka dakatar yana kiran ta running tunda shirinta yana nan. Shi qmpstatus zai ce maka paused. A cikin amsar akwai filin lock, wanda ke bayyana idan an kulle VM ɗin, misali lokacin da ake ɗaukar kwafinta. Yana da kyau ka fito da shi allo, domin a wannan hali Proxmox zai ƙi umarninka, kuma gara ka ga dalili da ka yi ta dannawa. Kada ka saba da buga qm unlock duk lokacin da ka ga kulle. Sai ka tabbata aikin da ya sa shi ya mutu da gaske.

Wata ƙaryar da makunni ke yi ta fi wannan ɓoyuwa. Galibi ana rubuta shi ne da sharaɗin "in sensa ta ce running, a kunne, in ba haka ba, a kashe". To ranar da netwok ya yanke, ko ka goge makullin, ko Proxmox bai amsa ba, sensa za ta koma unavailable ko unknown, makunnin kuma ya nuna "a kashe" hankali kwance, alhali VM tana can tana aiki. Maganinsa layi ɗaya ne: ka ba makunnin availability da ke duba has_value na sensar. Idan ba a sani ba, allo ya nuna ba a sani ba.

Da zarar ka haɗa waɗannan za ka ga wani abin haushi. Ka danna kashe, makunnin ya tafi, bayan 'yan daƙiƙu ya dawo "a kunne", saboda sensa ba ta sake tambaya ba tukuna, ko kuma VM ɗin ba ta gama ba. Mai riƙe da waya zai ɗauka bai dannu ba ya sake dannawa, aiki na biyu ya tarar da na farko yana riƙe da kulle, sai ka ga ƙorafin can't lock file a jerin ayyukan Proxmox. Abin da nake yi shi ne in sa umarnin a cikin sikirif mai mode: single. Sikirif ɗin ya aika shutdown, sannan ya shiga zagaye: ya jira daƙiƙa 5, ya kira homeassistant.update_entity a kan sensar, ya duba ko ta ce stopped, har sau 36, minti 3 ke nan. In zagayen ya ƙare ba ta mutu ba, ya turo sanarwa waya. Riba biyu ce. Dannawa ta biyu ba ta yin komai muddin ta farko ba ta ƙare ba, sannan shi kansa sikirif ɗin halinsa yana zama on yayin da yake gudana, sai ka yi amfani da wannan ka nuna "ana kashewa" a allo. Hali na uku ke nan da fitila ba ta da shi.

A ɓangaren kunnawa ma running ba ya nufin ta shirya. Proxmox zai ce running daƙiƙar da QEMU ya tashi, tun Windows ba ta nuna tambarinta ba. Idan kana so ka san lokacin da za ka iya shiga ta Remote Desktop, ka ƙara sensa ta biyu, ko ta Ping ko mai duba ƙofa 3389. Ka sani garkuwar Windows takan toshe ping sai ka buɗe mata.

Saboda duk wannan, ni a allona ba na sa makunni mai juyawa. Ina sa kati ɗaya mai nuna hali, da maɓalli biyu a ƙarƙashinsa. Na kunnawa taɓawa ɗaya ce, kuma yana bayyana ne kawai idan VM tana kashe. Na kashewa yana da confirmation a cikin tap_action, ya tambaye ka ko da gaske kake, da sunan VM ɗin a rubuce a cikin tambayar. Shi stop yana da ranarsa, ranar da baƙuwar ta sandare ba ta jin kowa, amma na kai shi wani shafi daban, sai an danna an riƙe, sannan a sake tabbatarwa. Ka kuma sani ɓoye kati ba tsaro ba ne. Duk wanda ke da asusu a Home Assistant ɗinka, ko ba shugaba ba ne, yana iya kaiwa ga abin ta wata hanya. Shingen gaske shi ne wancan /vms/101.

Dalilin da ya sa na bar makunni wani abu ne da ya same ni. Na yi makunni ga VM ɗin ajiyar fayiloli, na sa shi a yankin ɗakin da sabar take, don allo ya yi tsari. Ashe ina da tsohon tsarin dare da ke kashe duk wani makunni na wannan ɗakin da ƙarfe 11. Safiya biyu a jere ina tarar da kwafin dare ya yanke a tsakiya, VM tana kashe. Na binciki faifai, na binciki RAM, na karanta bayanan Linux layi-layi, komai yana nuna an kashe ta cikin tsari, kamar wani ya zo ya danna. Sai a kundin abubuwan da suka faru na Home Assistant na ga sunan tsarin daren a gefen makunnin. Abin da ya cece ni shi ne shutdown ne a bayansa. Da stop ne, da dare biyu ana fizge wa faifan wuta suna tsakiyar rubutu. In ka nace sai makunni, kada ka sa shi a kowane yanki, kuma ka shiga saitin mataimakan murya ka tabbata ba a miƙa shi ga Assist ko Alexa ko Google ba, kada wani ya ce a kashe komai na ɗaki a haɗa da sabarka.

VM ɗin Home Assistant kuwa kada ta shiga wannan tsari ko kaɗan. Ranar da ka kashe ta daga allonta, allon ya tafi tare da ita, babu maɓallin da zai dawo da ita. Kada ka ba makullin izini a kan lambarta, shi ke nan ko kuskure ba zai kai gare ta ba. A Options nata ka kunna Start at boot, don ta tashi da kanta duk lokacin da sabar ta tashi. A Start/Shutdown order, mai ƙaramar lamba ita ke fara tashi kuma ita ce ta ƙarshen mutuwa, sannan wajen kashewa Proxmox yana jiran kowace VM daƙiƙa 180 in ba ka sauya ba. Idan Home Assistant yana ajiye kwafinsa a VM ɗin fayiloli, ita ta fayilolin za ka ba lamba 1. Wannan dogaro ma ya isa ya sa ka sake tunani a kan ba ta maɓallin kashewa. A cikin ukun nan naka, ta Windows ce kaɗai nake ganin ta cancanci maɓalli.

Yana da kyau ka tambayi kanka abin da kake son samu. Idan RAM ne, ribar a fili take: VM ɗin da ta mutu ta saki duk abin da ta riƙe. Idan katin hoto ɗaya kake miƙa wa VM biyu, to dole ɗaya ta mutu sarai kafin ɗayar ta tashi, kuma sikirif mai jira da na bayyana shi ne ainihin abin da kake bukata. Idan kuwa wutar lantarki kake son ragewa, ka auna kafin ka gina. Sa soket mai auna wuta a sabar, ka ga bambanci tsakanin VM tana zaune ba aiki da tana kashe. Lissafin mai sauƙi ne, kowane wat 10 da ke ci dare da rana yana zama kilowat-awa 87.6 a shekara. Sau da yawa za ka tarar sabar kanta ce ke cin mafi yawa. Kashe ta kuma wani babi ne: izinin Sys.PowerMgmt yake bukata, kuma nan ne Wake on LAN ɗinka zai yi rana wajen tayar da ita. Sai dai mai aika saƙon tayarwa dole ya kasance a farke, wato Home Assistant ya koma wata ƙaramar na'ura daban, irin Raspberry Pi.

Daga waje kuma ba ka bukatar buɗe ƙofa 8006 ga intanet, kada ma ka fara. Wayarka da Home Assistant take magana, shi kuma ya yi magana da Proxmox a cikin gida. Ka dai kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka, tunda yanzu ikonsa ya wuce fitilu.

Ga wanda ba Proxmox yake amfani da shi ba, sunaye ne kawai suka sauya. A libvirt, virsh shutdown ne roƙo, virsh destroy ne fizge waya, kuma duk da sunansa ba ya goge VM. A VirtualBox, acpipowerbutton da poweroff. A Hyper-V, Stop-VM shi kaɗai yana kashewa cikin tsari, in ka ƙara masa TurnOff ya fizge.

Kafin ka ɗora maɓalli a allo, ka gwada kowane rest_command daga kayan aikin masu gini (Developer tools) na Home Assistant, kana kallon jerin ayyuka a ƙasan shafin Proxmox. Kowane umarni ya kamata ya bayyana da sunan gida@pve!allo, ya ƙare da OK. Sannan ka sauya lambar zuwa ta VM ɗin Home Assistant ka nemi status/current, ka tabbata 403 ka samu. Ka ɓata harafi ɗaya a makullin, ka ga ko katin ya koma "ba a sani ba". Na ƙarshe, ka buɗe takarda a Windows ka rubuta abu ba ka adana ba, ka danna kashe daga waya, ka zauna ka ga abin da zai faru: ko ta mutu da takardar, ko ta tsaya tana jira har sanarwar minti 3 ta iso. Kowanne ya faru, ka san halin Windows ɗinka ke nan, kuma da shi za ka yanke ko wannan maɓalli zai zauna a allon da kowa na gida ke gani ko a naka kai kaɗai.